Ɗakin Inna: yadda aka sama wa wata tsohuwa matsuguni a Maraɗi bayan ruwan 2024

Ruwan da aka yi a birnin Maraɗi ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024 ya kai milimita 150 cikin kamar sa'a ɗaya da rabi, kuma aƙalla mutum 15 suka rasu a cikin gari. Cikin ɗakunan ƙasa da suka zube ranar har da na wata tsohuwa a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da ke kusa da gangaren gulbi. Kowa a layin Inna yake ce mata, haka ni ma zan kira ta. Ta tsira da ranta, amma bango ya danne mata ƙugu. Ni ke riƙe wa ƙungiyar asusun matan layin littafin lissafi, shi ya sa yawancin zaman da aka yi a kan lamarinta da ni aka yi.

Inna ba ta da takardar haihuwa, da abubuwan da suka faru ake auna shekarunta. Ta ce tana goyon fari sojoji suka karɓi mulki Seyni Kunce ya hau, wato 1974. In haka ne, ta kusa saba'in ko ta ɗan haura. Ta haifi tara, biyu ke raye: namijin yana gadi a Legas, macen tana aure a wani ƙauye wajen Madarunfa. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'arta, ta yi har gwiwa ta hana ta murza tunkuza, ido kuma ya fara yana. Mijinta awon hatsi yake yi a kasuwa. Ya rasu shekaru da dama kafin wannan ruwa, ya bar gida ɗaya da mata biyu, daga baya kishiyar ta bi shi. Ba a raba gado ba, ba kuma wanda ya ga dalilin tayar da maganar tunda kowa na da inda yake sa haƙarƙarinsa.

Fansho babu. A Nijar CARENI ke biyan tsofaffin ma'aikatan gwamnati, CNSS kuma masu albashi a kamfanoni, mai awon hatsi da matarsa ba su cikin ko ɗaya. Tsarin mulkin 2010 ya ce a sashe na 25 gwamnati za ta kula da tsofaffi ta hanyar siyasar kare al'umma, amma wannan magana ba ta taɓa zama kuɗin wata a hannun irin su Inna ba, an ma jingine kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Abin da take dogaro da shi shi ne ɗan abin da ɗanta ke aikowa. Tun da Naira ta fara faɗuwa a tsakiyar 2023, abin da ke zuwa hannunta bayan canji ya ragu da kusan rabi, alhali shi bai rage ko kwabo ba. Muna son cewa tsoho ba ya wulaƙanta a ƙasar Hausa tunda yana da ƴaƴa, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a jihar Maraɗi ya haura 8. Sai dai lissafin haihuwa ba ya faɗin nawa suka rayu, nawa suka zauna kusa, nawa ke da abin bayarwa.

Makonnin farko

An kwashe waɗanda gidajensu suka faɗi zuwa azuzuwan wata lakkol, Inna na ciki. An fara kai ta wurin mai ɗori, da ciwon ya ƙi sauka aka kai ta asibiti, hoto ya nuna ƙashin ƙugu ya tsage. Nan ne kuma aka gano hawan jini da ta daɗe da shi ba ta sani ba. Ta ci sa'ar lokaci, domin daga 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocinta. Takardar magani kuwa sai da aka kai farmasi aka biya daga asusun taimako na ƙungiya.

Abinci bai zama matsala ba, a wannan fanni mutanen Maraɗi ba su da na biyu. Fura, koko, tuwo, tabarma, bargo, atamfa, har buhun shinkafa daga wani Alhaji mai shago a babbar kasuwa. Amma mai kwance da karayar ƙugu ba ta girki, buhun shinkafar a tukunyar wasu ya ƙare. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, magidanci-magidanci aka rubuta, sai gidan ya fito da sunan babban ɗan kishiya. Kason gidan ya zo hannunsa, ya ba Inna abin da ya ga dama. Ba ta da katin ɗan ƙasa da za a ce a rubuta ta daban.

Gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, wannan ya ba mu iyaka: kafin ranar dole Inna ta bar aji. Wata maƙwabciya ta share mata zaure ta rataya labule. Kowa ya san zaman wucin gadi ne, ga sanyi na tafe.

Shawarar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce a kai ta wurin ɗiyarta. Ɗiyar ta zo da kanta ta roƙa. Inna ta ce: "Ɗiyata, ni in kwana gidan suruki, shina fita ina rufe fuska? A gidan nan aka kawo ni, nan za a ɗauke ni." Wasu sun ɗauki wannan taurin kai na tsufa. Ni ban ɗauke shi haka ba. Ban da kunyar surukuta, ƙauyen na yankin da ɓarayin daji ke satar mutane da dabbobi ta kan iyaka, kuma mai hawan jini da ba ta tafiya nisanta da likita ba ƙaramin abu ba ne. Ta fi mu sanin abin da take gudu. Maganar Legas ba a ma tsaya a kanta ba, ɗan a rumfar gadi yake kwana. Gidan tsofaffi irin na Turai kuwa, wanda ya ambata shi a zaman bai sake ba.

Saura a sake gina ɗakin. Alhajin shinkafa ya ce zakkarsa ta kusa fita, zai ba da siminti da kwano a yi ɗaki na bulo wanda ruwa ba zai sake kayarwa ba. Samarin fadar layin, wato majalisar hirarsu, suka ce aikin hannu nasu ne. An kusa sa ranar haƙa tushe liman ya tambaya: filin na wa ne?

Filin na wa ne?

A nan lamarin ya tsaya kusan duk lokacin sanyi, kuma a nan ne ainihin aikin yake.

Gidan na magada ne duka, ba a raba ba. Ƴaƴan kishiya huɗu ne, maza uku da mace ɗaya, kuma tun washegarin ruwa wani ɗan kasuwa ya taya filin. Babban ɗan yana son a sayar. Kada a ɗauke shi mugu: nasa ɗakin ma ya tsage, yana da iyali da yawa, burinsa ya karɓi rabonsa ya sayi fili a bayan gari inda ƙasa ke da tudu. Maraɗi kanta haka ta yi, ambaliyar 1945 ce ta tayar da garin daga cikin fadama ya hau tudu. Amma in an sayar, Inna fa? Matar mamaci mai ƴaƴa tumuni take samu, kashi 1 cikin 8, in su biyu ne su raba. Rabon Inna kashi 1 cikin 16 ke nan na gidan ƙasa da ya rushe. Ba zai sayi fili ba, hayar ɗaki kuma zai cinye shi cikin ƴan shekaru.

Liman ya ce wa Alhaji in aka zuba zakkarsa a ginin da ke kan filin da ba a raba ba, ginin ya shiga cikin abin da magada za su raba, kuma cikinsu akwai mai shago wanda zakka ba ta halatta gare shi. Zakka sai ta zama mallakar wanda ya cancance ta. Ban da hukuncin addini ma, ɗakin bulo zai ƙara wa gidan daraja ne, ya ƙara wa masu son sayarwa ƙaimi. Da an yi ginin a makon da aka so, da Alhaji ya ga ɗaki, samari sun ɗauki hoto sun sa a Facebook, da damina ba ta zagayo ba Inna ta koma zaure.

Wata mata a ƙungiyar, wadda ta taɓa shan wahalar rabon gadon mijinta, ita ta kawo mafita. Ta ce a daina lissafin rabon Inna ita kaɗai, a haɗa da na ƴaƴanta. Bayan an fitar da tumuni, sauran kashi 7 cikin 8 na ƴaƴa ne: maza huɗu, mata biyu, namiji rabon mata biyu, kashi goma ke nan. Ɗan Inna na da biyu, ɗiyarta ɗaya. In aka tara waɗannan uku da nata, abin ya kusa kashi ɗaya cikin uku na gidan. Wannan ya isa a yanke kusurwar da ɗakinta yake, da makewayi da ɗan tsakar gida, a fasa ƙofa ta lungu, sauran su sayar da nasu.

Ɗiyar ta yarda nan take. Ɗan ya yi ta kauce-kauce a waya, sai a zaman gidan mai unguwa aka ji dalili. Babban ɗan kishiya ya ce: "Ranka ya daɗe, ƙanena ya amshi kuɗi hannuna sadda zai tafi Legas, ya ce a cire cikin gadonshi. Ga shaidu nan." Shaidun suka tabbatar. Bashin ya cinye fiye da rabin rabonsa, kuma in aka cire shi kusurwar ba za ta ɗauki ɗaki da makewayi ba.

Liman ne ya sake buɗe hanya. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka, cikinsu akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Ɗan Inna talaka ne, bashin ba na ɓarna ba ne, don haka ana iya biyansa da zakkar Alhaji, rabonsa ya dawo cikakke. Alhaji bai so ba. Ya ce: "Allah gafarta Malam, ni tsohuwa na yi niyyar taimaka wa, ba ƙato mai lafiya ba." Na fahimce shi. Mai bayarwa yana son ya wuce ya nuna abu da hannu ya ce ga abin da na yi, biyan tsohon bashi tsakanin ƴan'uwa kuwa ba ya barin abin nunawa. Sai da aka zauna da shi a shagonsa aka zana masa gidan a takarda, aka nuna masa iyakar kusurwar da bashi da kuma babu bashi, sannan ya amince. Daga baya ya ƙara da siminti a matsayin sadaka, wanda farashinsa ya sauka bayan ragin da gwamnati ta yi a Oktoban 2024.

Mai sayen gida ya rage tayi tunda ba duka zai samu ba, babban ɗan kishiya ya ji haushin wannan, kuma har yau gaisuwarsa da ƙungiyar sama-sama ce. Asarar da ya yi ta gaske ce, ba wanda ya biya shi.

Dokar Nijar ta bai wa sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rikici da rubuta takardar sulhu, wadda ake iya kaiwa kotu a ƙarfafa ta. An rubuta, magada duka sun sa hannu ko sun dangwala, kawun ɗan Legas ya sa hannu a madadinsa. Matan ƙungiyar sun dage a kan sharaɗi ɗaya da ya sa wasu mazan suka ɓata fuska: ba za a sayar da kusurwar ko a jinginar da ita ba muddin Inna na raye, ko da kuwa ɗanta ne ya nema. Wanda ya taɓa cin bashi a kan gadonsa zai iya sakewa in rayuwa ta matsa. A ganina wannan layi guda ya fi simintin duka amfani.

Ginin kansa bai ɗauki lokaci ba. Ba a yi bulo har sama ba, kuɗin ba su kai ba, kuma magini ya ce ba dole. Bangon ƙasa ba daga sama yake faɗuwa ba, ruwan da ke kwanciya a gindinsa ne ke jiƙa shi har ya kasa ɗaukar kansa. Sai aka yi tushe da dutse da siminti ya ɗaga kamar kamu biyu daga ƙasa, aka ɗora tubali a kai, aka yi yaɓen siminti ta gabas inda ruwa ke duka, aka sa kwano mai baki da ya zarce bango. An shimfiɗa zana ƙarƙashin kwanon saboda zafin bazara, wanda a Maraɗi kan haura digiri 40. An bar dokin ƙofa ƙasa-ƙasa, an yi gangare maimakon matakala, a makewayi kuma aka gina wurin zama da ƙarfen dafawa, domin tsuguno ya ƙare wa Inna. Ta shiga ɗakin kafin azumi.

Wa zai ɗaga ta?

Tun tana zaure ɗiyarta ta aiko mata da jika, yarinya ƴar shekara 12, ta zauna da ita. Al'ada ce, ba wanda ya ga aibu, ana ma yabon uwar. Yarinyar ke ɗebo ruwa, ta kai fo ta wanke, ta dama koko, ta kwana kusa don juya kakarta. An ciro ta daga aji biyar. Lokacin da duk hankalinmu ke kan gado, ita ce ke biyan kuɗin jinyar da shekarar karatunta, kuma sunanta bai fito a littafin lissafi ko sau ɗaya ba, tunda ba a biyan ta. Ga kuma nauyin: yarinya irin wannan ba ta iya ɗaga babba ita kaɗai, sau da yawa Inna kan haƙura da wanka har sai wata ta leƙo.

A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin nan, kamar yadda yake a Risala, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, amma wajibcin bai kai kan jika ba. A aikace kuwa jika ce, kuma mace, ke ɗaukar kayan.

Ƙungiyar ta fara gwada karɓa-karɓa, kowace mata da ranarta. Irin wannan ƙungiya ta saba da tsari. Salon asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da dama, ya koya wa mata zubi na mako-mako da ware akwatin taimako daban da na rance. Amma zubin kuɗi ya fi zubin lokaci sauƙi. Wannan ta haihu, waccan mijinta ya hana, wata ta tafi biki Katsina. Da azumi ya shigo tsarin ya watse.

Abin da ya tsaya shi ne biya. An samu wata bazawara a layin, mai ƙarfi, ba ta da sana'a tsayayya. Ana ba ta ɗan kuɗi a wata da ƴan tiyoyin hatsi, ita kuma ta zo da safe ta yi wa Inna wanka, ta zaunar da ita, ta ba ta magani, ta dawo da la'asar. An yi gardama a kan wannan. Wasu sun ce taimakon tsohuwa lada ake nema, in aka sa kuɗi an ɓata. Na fi karkata ga masu cewa lada ba ya hana haƙƙi, kuma wadda ake biya ana iya tambayarta in ba ta zo ba, mai zuwa don Allah ba ka da bakin yi mata magana. Rabin kuɗin daga abin da ɗan ke aikowa ake cirewa, yanzu kai tsaye yake turowa ga ma'ajiyar ƙungiya, rabi daga akwatin taimako. Yarinyar an sa ta lakkol ɗin unguwa, ta maimaita ajin. Dare har yanzu nata ne.

Daga wannan lamari ƙungiyar ta kai wa mai unguwa buƙatu biyu. Na farko a rubuta tsofaffin da ke kwana su kaɗai ko a ɗakin da ya tsage tun kafin ruwan fari, ba sai bango ya faɗi ba. Na biyu, duk lokacin rabon agaji a rubuta tsohuwar da mijinta ya rasu da sunanta ko da tana cikin gidan wasu. Ya karɓi na farko, matan da samarin fada suka zaga gida-gida suka yi rubutun. Na biyu ya ce ba shi ke tsara takardar rabo ba, amma zai faɗa a sama. An kuma nema wa Inna takardar kotu mai maye gurbin takardar haihuwa, da ita aka yi mata katin ɗan ƙasa.

Rubutun ya fito da wata tsohuwa da dabarar Inna ba za ta yi mata aiki ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta bai bar gida ba, ɗakin haya take ciki, mai gidan ya yi shekaru yana yafe mata kuɗin, yanzu ya rasu ƴaƴansa na maganar rushewa su yi shaguna. Ba ta da kashi ko ɗaya da za a tara. Liman ya kawo shawarar wakafi, wato mai hali ya tsayar da ɗaki biyu ko uku da ba a sayarwa ba a gadonsu, irin waɗannan mata su zauna iyakar rayuwarsu, kuma Nijar na da dokar wakafi tun 2019. An kai wa Alhaji maganar tare da wasu ƴan kasuwa biyu. Ɗaya ya ce ya fi son gina masallaci. Alhaji ya ce a nemo masa farashin fili a unguwar da ba ta nisa da asibiti, a kuma gaya masa wa zai riƙa gyaran ɗakunan bayan ba ransa. Magadan mai gidan hayar sun ba tsohuwar wa'adi zuwa bayan kaka.